Live at Leeds a faifan garmaho: tsohon bugun Ingila, na Amurka, ko sabon mai faifai uku?

Tambayar da ɗan'uwa ya turo ita ce, yana son sayen Live at Leeds na The Who, ƙungiyar kiɗan rock ta Ingila, a faifai kuma ya ga kala uku a kasuwar intanet, akwai tsohon bugun Ingila na Track Records mai tsadar gaske, akwai na Amurka na Decca da bai kai shi kuɗi ba, sai kuma sabon da situdiyon Abbey Road na Landan suka yanka mai faifai uku a ciki. Ya kuma ce akwai wani tsohon kwafi a wajen abokinsa da yake ta ƙas-ƙas ko bayan sun wanke shi, shin lalacewa ce, kuma in ya sayi tsoho shima haka zai samu?

Toh malam bari in fara da maganar ƙas-ƙas ɗin nan don ita ce ta fi sa mutane asarar kuɗi a kan wannan album ɗin. Mai yiwuwa faifan abokinka lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙarar tana cikin tef ɗin asali tun daren da aka ɗauki wasan, 14 ga Fabrairu 1970 a ɗakin cin abincin ɗalibai na Jami'ar Leeds, kuma abin da aka fi dangantawa da ita shine wayar gitar bas ɗin John Entwistle da take ɗan motsi tana yanke sauti. Su The Who ɗin kansu sun san da ita, shi yasa in ka duba takardar da ke tsakiyar tsohon faifan zakaga rubutu kamar na hannu yana faɗa wa masu yanka cewa ƙarar ba matsala kada su gyara. Don haka kowane bugun 1970, na Ingila ne ko na Amurka, yana da ita, ko yau aka ciro shi daga leda.

Yadda zaka bambance kuwa ba wuya. In karce ne a jikin faifan, ƙarar zata dinga dawowa daidai duk zagaye ɗaya, wato kusan duk daƙiƙa biyu tunda faifan yana juyi 33 da ɗigo a minti, tas... tas... tas, zaka iya ƙirga ta da yatsa, kuma in ka karkata faifan a ƙarƙashin fitila zakaga layin da idonka. In ƙura ce ko datti a cikin ramin, zakaji ta tun daga bakin faifai kafin kiɗa ya fara da kuma a tsakanin waƙa da waƙa, kuma tana raguwa in an wanke. Ta tef kuwa bata bin zagaye, tana zuwa ne a cikin kiɗan, a wuri ɗaya kullum, kuma in ka ɗora wani kwafin daban zakaji ta a daidai wannan wurin. Ku gwada haka da faifan abokin naka kafin ku yanke masa hukunci.

Yanzu babbar maganar. Kana kallon abu uku kamar kaya ɗaya ne farashi ya bambanta, alhali biyu daga ciki album ɗaya ne, na ukun kuma wani abu ne daban duk da sunan ɗaya ne kuma daren ɗaya ne. Abin da ya fito a Mayun 1970 waƙa shida ce kacal, minti talatin da bakwai ko kusa da haka. Gefen farko Young Man Blues, Substitute, Summertime Blues da Shakin' All Over, gefe na biyu My Generation wadda aka ja ta har wajen minti sha huɗu da rabi, sai Magic Bus. A daren kuwa sun yi waƙa 33 har da kusan dukkan Tommy, album ɗinsu da ya gabaci wannan, a tsakiya, amma ko waƙa ɗaya daga sashen Tommy ba a ware an saka a faifan farko ba. Wannan zaɓin da gangan akai shi, kuma ni a ganina shine ya sa album ɗin ya zama abin da ya zama, ba surutu ba jan rai, allura na sauka gitar Townshend ta faɗo maka kuma baka samun numfashi sai ka tashi juya faifai. Uku daga cikin huɗun gefen farko ma ba nasu bane, na Mose Allison ne da Eddie Cochran da Johnny Kidd, sun ɗauko sun murƙushe su da ƙarfi.

A 1995 aka koma kan tef ɗin aka sake haɗa sautin daga tushe, Jon Astley da Andy Macpherson suka yi aikin, aka fitar a sidi da waƙa 14, aka goge ƙas-ƙas ɗin har aka rubuta a jiki cewa an gyara ta. A 2001 aka fitar da mai sidi biyu wanda aka kwashe Tommy aka zuba a na biyun, ba a jerin da aka yi a dandali ba. A 2010 cikar shekara arba'in aka yi babban akwati wanda aka haɗa da wasan da suka yi a garin Hull washegari, 15 ga Fabrairu, wanda tun farko aka ajiye shi saboda bas bai shiga tef ba a waƙoƙin farko, sai da aka ɗauko bas ɗin Leeds aka cike gurbin. Sabon mai faifai uku na 2016 da ka gani daga wannan zuriyar ya fito, cikakken wasan ne da sautin da aka tsaftace. Kaga ashe tambayar farko ba wane bugu ba ce, wanne daga cikin biyun kake so, gajeren nan mai kaushi ko cikakken dare mai tsafta.

In gajeren kake so, toh sai mu zo kan Track da Decca. Ka'idar da masu tara faifai suke bi ita ce a nemi bugun ƙasar da tef ɗin asali yake, kuma tana da dalili. Yadda ake yin faifai, injiniya zai kunna tef ya yanka sautin a kan wani faranti mai laushi, daga farantin a zuba ƙarfe a samu uba, daga uba a samu uwa, daga uwa a ciro tambarin da ake danna narkakkiyar roba da shi. Ƙungiyar Ingila ce, aikin a Ingila akai shi, don haka yawanci abin da ake turawa Amurka a wancan zamanin kwafin tef ne, kuma kwafin tef kamar fotokwafin fotokwafi ne, rubutun na nan ana karantawa amma bakin harafin ya ɗan dushe, ga ɗan shuu da yake ƙaruwa a ƙasa. Wannan shine hujjar masu cewa Track mai lamba 2406 001 ita ce gaba. Ni ma a kunnena Track mai lafiya ta fi buɗewa, farantan gangar Keith Moon suna da iska a bayansu, bas ɗin Entwistle a hagu yana gurnani amma kana jin kowace waya da ya taɓa, gita a dama tana yanka ba tare da ta soke maka kunne ba.

Amma gaskiya ban yarda da masu yin kamar Decca DL 79175 shara ce ba. Decca tana da nauyi a tsakiya, tana da duka, kuma wannan kiɗan ba na zama a naɗe hannu ana neman ƙananan abubuwa bane, kiɗan a ƙure murya ne. Matsalar Decca ba yankan bane sosai, robar ce. Suna da masana'anta biyu, Gloversville a jihar New York da Pinckneyville a Illinois, kuma faifansu na wancan lokacin an san shi da rashin tabbas, wani kwafin shiru wani kuma yana shuu tun yana sabo. Ga shi album ɗin ya sayu sosai a Amurka, an yanka shi fiye da sau ɗaya an danna da tambari da yawa, shi kuma tambari yana gajiya, kwafin da aka danna a farkon rayuwarsa ba ɗaya yake da na ƙarshe ba ko da lambar jikinsu ɗaya. Saboda haka in wani ya ce maka Decca tafi Track ko Track tafi Decca, kwafinsa biyu yake kwatantawa, ba duka bugun ba. Daga 1973 sunan Decca ya koma MCA a Amurka, aka cigaba da buga shi a ƙarƙashin MCA har shekarun 1980, roba tana ƙara sirancewa, kwali ya koma na talaka ba takardun ciki. Waɗannan na MCA arha ne kuma sukan zo da tsafta saboda ba a cika azabtar dasu a fati ba, in kuɗi ya yi kaɗan ba abin kunya bane.

Ka koyi karanta wurin da babu kiɗa, ɗan filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Ka riƙe faifan a gefe-gefe da tafin hannu ka juya shi a hankali a hasken taga, zakaga lambobi an buga ko an karta da hannu. A bugun Ingila na farko-farko zakaga lambar album ɗin sai A da layi biyu a karkace sai 1, ɗaya gefen kuma B da 1 haka, lambar tana hawa in an sake yanka. Kwali na iya yin ƙarya saboda ana musanya faifai a saka sabo a tsohon kwali, amma wannan rubutun ba ya ƙarya. Duk mai sayarwar da ya ce bugun farko ne ka ce ya turo hoton wannan wurin na gefe biyun, in ya fara kame-kame ka bar masa kayansa.

Tsadar Track ɗin da ka gani kuwa, kaso mai yawa ba kuɗin sauti bane kuɗin takarda ne. An yi kwalin ne ya yi kama da faifan sata da ake sayarwa a ɓoye a lokacin, kwali ruwan ƙasa ba hoto, sai suna kawai kamar an buga da hatimi, a ciki kuma aljihu da takardu 12, har da kwafin kwantiragin wasan Woodstock, da wasiƙar da EMI suka ƙi ɗaukarsu tun suna High Numbers, da babbar fostar kulob ɗin Marquee. Launin hatimin ma yana canza farashi, akwai baƙi akwai ja akwai shuɗi, baƙin ne ya fi wuyar samu kuma shi ake ɗauka a matsayin na farko. Fostar kuwa ita ce ta fi ɓacewa saboda samarin 1970 sun manna ta a bango. Toh in kai mai tarawa ne kana son komai cif, wannan hanya ce daban kuma zaka biya. In kunne kake saya wa, ka nemi wanda takardun basu cika ba ko kwalin ya ɗan yage amma faifan yana da lafiya, farashin yakan sauko sosai kuma abin da zai fito daga lasifika iri ɗaya ne sak.

Abin da zaka fi sa wa ido a tsohon kwafi shine ƙarshen gefe na biyu. Gefen farko bai kai minti sha biyar ba, akwai fili, an samu damar yanka shi da ƙarfi da faɗi. Gefe na biyu wajen minti 22 ne, Magic Bus ta faɗo can ciki kusa da takarda inda zagayen ya ƙanƙance, sautin daƙiƙa ɗaya an cusa shi a gajeren wuri, nan ne allura take shan wahala ko faifan sabo ne. Yanzu ka tuna su waye suka mallaki wannan faifan a 1970, ɗalibai ne da garmaho mai hannu nauyi da allurar da ba a canzawa, wani har kwabo yake ɗorawa a kai don kar ta yi tsalle. Irin wannan allurar tana aske bangon ramin, kuma wannan ɓarnar ba a ganinta da ido, faifan zai yi ta ƙyalli amma da mawaƙinsu Roger Daltrey ya ɗaga murya ko Moon ya daki faranti sai kaji zzz kamar takarda na yagewa, kuma ba ruwan wankin da zai dawo da shi. Shi yasa makin lafiyar faifai irin VG+ (mai kyau sosai) ko NM (kusan sabo) da ake sawa a Discogs, kasuwar faifai ta intanet, bai isa ba in da ido kawai aka bayar. Ka tambaya ko an kunna an saurara, ka ce a ɗauko maka minti ɗaya na ƙarshen Magic Bus ko da waya ce, zakaji in ya aske.

Akwai hanya ta huɗu da baka ambata ba. Kamfanin Classic Records na Amurka ya sake buga waƙa shidan nan a shekarun 2000 a roba mai giram 200, kuma mutane da yawa suna yaba shi, bas ɗinsa ya fi zurfi kuma bayan kiɗan shiru ne in ka dace da kwafi mai kyau. Na ce in ka dace saboda faifansu masu giram 200 an sha kuka dasu a kan shuu da ƙas-ƙas da suke zuwa da su daga masana'anta. Kamfanin ya daina aiki da kansa tun 2010, kayan sun zama na hannu zuwa hannu. Kuma don Allah kar nauyi ya ruɗe ka, giram 180 ko 200 ba ya ƙara zurfin rami ko kaɗan, zurfin an riga an yanke shi tun a faranti. Nauyi yana da daɗin riƙewa kuma yana taimakawa wajen kwanciya daidai, iyakarsa kenan. Wa ya yanka, daga wane tef, wace masana'anta ta danna, su ne abin tambaya.

Sai na 2016. Miles Showell ne ya yanka shi a Abbey Road da salon rabin gudu, wato ana kunna sautin a rabin saurinsa, injin yankan ma yana juyi a rabin sauri, sai allurar yanka ta samu ninkin lokaci ta zana sautuka masu tsini ba tare da ta yi zafi ko ta rikice ba. Aikin yana da kyau wallahi, faifan shiru, farantan ganga sumul, kuma shine zai baka Heaven and Hell da aka buɗe daren da ita, da A Quick One, da Tommy, da barkwancin Townshend da Moon tsakanin waƙoƙi wanda yake nuna maka su mutane ne ba injina ba. Amma ka san abu biyu. Irin wannan yankan na Abbey Road daga fayil ɗin dijital mai inganci ake yinsa, ba kai tsaye daga tef ba, ni wannan bai dame ni ba amma in kana sayen faifai ne don ka guje wa dijital toh ka sani. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, ba haɗin sautin 1970 bane, an gyara an share, kuma wani abu na wannan tsoron da kake ji a tsohon, kamar amfilifaya zata kama da wuta, ya ragu. Wajen awa biyu ne a gefe shida, sai ka tashi sau biyar, kuma Tommy na daren Leeds yana da kyau amma ba shine dalilin da ya sa ake kiran album ɗin nan a sahun gaba na wasan kai tsaye ba.

Da ni ne da kuɗin abu ɗaya, Track zan nema mai hatimi ja ko shuɗi wadda takardunta basu cika ba, an saurare ta an tabbatar Magic Bus bata aske ba. In bata samu a farashin hankali ba in ɗauki Decca mai tsafta ba tare da jin na yi asara ba, cikakken wasan kuma in saurare shi a sidi ko a waya tunda daga dijital ɗin dai aka yanko shi. Wanda zan ce ya sayi mai faifai ukun shine wanda ya riga ya mallaki gajeren kuma yana son zama da dukkan daren, ko wanda ƙas-ƙas ko kaɗan take hana shi jin daɗi.

Tunda kayan daga waje zasu zo maka, ka ce mai sayarwa ya ciro faifan daga cikin kwali ya ajiye shi a gefe a cikin rigarsa ta takarda kafin ya naɗe, in ba haka ba girgizar hanya zata sa bakin faifan ya yanka kwalin, kuma kwalin Leeds dama ba ƙarfi gareshi ba. In ya iso kar ya kwana a but ɗin mota ko kusa da taga, zafin watan Afrilu na awa kaɗan ya isa ya lanƙwasa shi, a tsaye ake jera faifai ba a kwance ana ɗora wani kan wani ba, lokacin hunturu kuma ka goge shi da burushi mai laushi kafin kowane kunnawa saboda busasshiyar iska tana sa roba ta dinga janyo ƙura. In kuma garmahon naka daga Amurka aka kawo shi gwanjo, bayan taransifomar rage wuta ka duba irin motarsa, don wutarsu bugu 60 take yi a daƙiƙa tamu 50, mai bel da motar da take bin bugun wuta zai yi juyi ƙasa da yadda ya kamata da kusan kashi ɗaya cikin shida, muryar Daltrey ta yi kauri kiɗan ya yi sanyi ka zata bugun ne mara kyau. Allura kuma in da hali ka sa mai bakin ƙwai maimakon mai zagayayyen baki, ka saita nauyinta daidai da abin da kamfaninta ya rubuta ba ƙasa da haka ba, don allura mai sauƙi fiye da kima tana karkarwa a cikin rami kuma ita ma tana aske faifai, musamman a wuri mai ƙarfi irin ƙarshen gefe na biyun nan.